Yadda ake sauke hotuna da bidiyo daga kyamara zuwa kwamfuta ba tare da an yi asarar ko ɗaya ba

Duk wanda aka ɗauka ya yi hoton ɗaurin aure, ko suna, ko walimar saukar Alƙur'ani, an damƙa masa amanar abin da ba a maimaita shi. Idan tela ya ɓata ɗinki ana iya sayo wani yadin, amma ba mai sake tara dangin amarya daga Zariya da Maraɗi saboda katin mai hoto ya samu matsala. Lokacin da hotunan nan suka fi shiga haɗari kuwa shi ne lokacin saukewa, sa'ad da mutum ya dawo gida a gajiye, masu biki na ta bugo waya suna neman a turo musu, ga kuma aikin gobe da safe yana jiran katin. Danne-dannen kwamfutar ba su da wuya, yaro ma zai iya koya cikin minti goma. Abin da ke buƙatar natsuwa shi ne bin tsari: ka kwafa, ka tabbatar komai ya iso, ka ajiye a wuri biyu, sannan ka goge katin. Wannan tsarin ne zan bi da kai daki-daki, ko kai mai hoton sana'a ne ko kuwa kyamarar gida ce a hannunka.

Kafin ka jona komai

Fara da wuta. Idan kwamfutarka laftof ce, ka tabbata batirinta zai ɗauki aƙalla awa ɗaya ko da an ɗauke wuta. Idan ta tebur ce kuma ba ta da UPS, wato na'urar batiri da ke riƙe kwamfuta idan an ɗauke wuta, gara ka jira sai ka tayar da janareta da ka fara kwafa da wutar NEPA da ba ka san lokacin tafiyarta ba. Kwamfutar da ta mutu ana tsakar kwafa tana barin fayil rabi da rabi, sunansa yana nan amma cikinsa bai cika ba, wani lokacin ma ta rikita katin kansa.

Sai wurin ajiya. Danna maɓallin Windows tare da harafin E, ka shiga This PC, ka duba layin da ke ƙarƙashin Local Disk. Idan ya yi ja, wuri ya kusa ƙarewa. Bidiyo ke cin wuri: kyamarar da ke ɗaukar 4K a kan megabit 100 cikin daƙiƙa tana cinye kusan 750MB duk minti ɗaya, wato kamar 45GB a awa guda. Kada kuma ka tsorata idan katinka na 64GB ya nuna kusan 59GB a kwamfuta. Bambancin yadda kamfani da Windows suke lissafi ne.

Abu na uku, ka buɗe foldar da hotunan za su sauka tun kafin katin ya shiga kwamfuta. Ka sa mata suna da shekara, wata, rana, sannan sunan aikin, misali 2025-03-15 Kamu Gwale. Idan shekara ce a gaba, kwamfuta da kanta za ta jera foldojin bisa tsarin lokaci, ranar da wani ya zo bayan shekara biyu yana neman hoton mahaifinsa da ya rasu, cikin minti ɗaya za ka gano shi.

Akwai dalilin da ya fi wannan ƙarfi. Kyamara ba ta san sunan amarya ba, lamba kawai take bayarwa. Canon tana rubuta IMG_0001, Nikon DSC_0001, Sony DSC00001, Fujifilm DSCF0001. Idan lambar ta kai 9999 sai ta koma farko. Idan kuma ku biyu kuka yi aiki da Canon biyu, kowannenku yana iya samun IMG_0450 nasa. Ranar da ka zuba su duka cikin folda ɗaya, Windows za ta tambaye ka ko ta maye gurbin wanda ta tarar. Kana danna Replace, hoton farko ya tafi, ba tare da wata ƙara ko gargaɗi na biyu ba. Don haka kowane aiki da foldarsa, kuma a cikinta kowane kati da tasa: Kati 1, Kati 2.

Yanzu kashe kyamarar. Duba ƙaramar fitilar nan da ke kusa da murfin kati, ja ce a mafi yawan kyamarori. Muddin tana ƙyaftawa, kyamara tana rubutu ne a kan katin, ko da ka riga ka juya makunnin. Bari ta mutu tukuna. Buɗe murfin, ka tura katin ciki kaɗan da ɗan yatsa, zai turo kansa waje.

Riƙe katin a hannu ka dubi gefensa na hagu. Akwai ɗan ƙaramin makulli da aka rubuta Lock kusa da shi. Ja shi ƙasa. Da ka yi haka, kwamfuta za ta iya karanta katin amma ba za ta yi rubutu ko gogewa a kansa ba. Wannan ɗan makullin yana tare kuskuren hannu, yana kuma tare bairos ɗin da ke yawo a kwamfutocin shagunan buga takardu da wuraren wanke hoto. Ƙaramin katin microSD ba shi da makulli, amma gidan da ake zura shi ciki yana da shi.

Hanyar da na fi so: na'urar karanta kati

Hanyoyi uku ake bi: a cire kati a sa a na'urar karanta shi, ko a jona kyamara da kebul, ko a tura ta Wi-Fi. Ta farko ta fi sauran sauri da aminci, kuma ba ta cin batirin kyamara. Laftof da yawa suna da ramin kati a gefensu. Idan taka ba ta da shi, sai ka sayi na'urar da 'yan kasuwa ke kira kad rida. Ana samunta a duk kasuwar kayan waya da kwamfuta, irin su Farm Centre a Kano ko Banex a Abuja.

Wajen saye ka kula da abu biyu. Na ɗaya, irin katinka. Katunan SD hawa-hawa ne: tsohon SD ya tsaya a 2GB, SDHC ya kai 32GB, SDXC kuma ya kama daga 64GB zuwa sama. An fito da tsarin SDXC a 2009, don haka tsohuwar na'urar da aka ƙera kafin nan ba lallai ta gane katin 64GB ba, ko da ya shiga raminta daidai. Masu manyan kyamarori da ke amfani da CompactFlash, XQD ko CFexpress kuwa, kowane kati da irin na'urarsa.

Na biyu, sauri. Nemi wadda aka rubuta wa USB 3.0, ka jona ta a ramin da cikinsa shuɗi ne ko wanda aka yi wa alamar SS. A aikace USB 2.0 ba ta cika wuce 35MB a daƙiƙa ba, cikakken katin 64GB zai ci fiye da rabin awa. Da USB 3.0 da kati mai kyau da ke karanta 90MB a daƙiƙa, minti goma sha biyu zuwa sha biyar ya isa. Idan katinka yana da layi biyu na ƙarafan zinare a bayansa, UHS-II ke nan, sai da na'urar da ita ma ke da layi biyu zai nuna saurinsa.

Zura katin a hankali, rubutun yana kallon sama a mafi yawan na'urori. Idan ya cije kada ka tilasta shi, juya shi. A lokacin hunturu ka hure ƙurar ramin tukuna, ka goge ƙarafan katin da busasshen ƙyalle mai laushi, domin ƙura kaɗai tana iya hana kwamfuta ganin kati.

Koma This PC. Za ka ga sabon faifai ya bayyana da harafi, D ko E ko F. Katin da aka yi wa fomatin (wato aka share duk abin da ke kansa aka shirya shi sabo) a Canon yakan fito da sunan EOS_DIGITAL, na Nikon kuma da sunan kyamarar. Buɗe shi. Za ka ga folda mai suna DCIM, a cikinta akwai wasu kamar 100CANON ko 100MSDCF. Hotunan suna nan.

A nan ne nake so ka tsaya ka karanta da kyau, domin a nan masu Sony da Panasonic da yawa ke rasa bidiyonsu. Canon da Nikon galibi suna ajiye bidiyo tare da hotuna a cikin DCIM, sai mutum ya saba da cewa DCIM ita ce komai. A kyamarorin Sony ba haka ba ne. Bidiyon XAVC S yana cikin foldar PRIVATE, sai M4ROOT, sai CLIP. Bidiyon AVCHD kuwa, wanda kyamarorin bidiyo na hannu na Sony da Panasonic da Canon suka daɗe suna amfani da shi, yana cikin PRIVATE, sai AVCHD, sai BDMV, sai STREAM, kuma fayilolinsa suna ƙarewa da MTS. Mutum ya kwashe DCIM, ya ga hotuna sun cika, ya goge katin, washegari a tambaye shi bidiyon ɗaurin aure ya neme shi sama ko ƙasa.

Maganin abin mai sauƙi ne: kada ka tsaya zaɓe. Kwashe katin gaba ɗayansa, da duk foldojin da ka gane da waɗanda ba ka gane ba. Ƙananan fayilolin da ke rakiyar bidiyo suna da amfani; su ne manhajar tace bidiyo ke bi ta haɗe guntayen dogon ɗauka. Katin 4GB zuwa 32GB yana kan tsarin FAT32, wanda fayil ɗaya ba ya wuce 4GB a cikinsa, shi ya sa kyamara ke yanka doguwar huɗuba ko wa'azi gida biyu ko uku. Idan ka ga haka, ba lalacewa bidiyon ya yi ba.

Ga yadda za ka yi. Kana cikin katin, danna Ctrl da A, komai zai yi shuɗi. Danna Ctrl da C. Je foldar da ka buɗe ɗazu, ka danna Ctrl da V. Ina roƙonka ka manta da Ctrl da X, wato Cut, a wannan aikin. Cut yana goge kowane fayil daga kati da zarar ya ɗauka ya gama da shi, idan abu ya katse a tsakiya sai ka tarar rabi a nan, rabi a can, kuma ba ka da cikakken asali da za ka koma wa. Idan ka ja makullin nan ƙasa ma, kwamfutar ba za ta bari ka yi wannan kuskuren ba.

Da kwafa ta fara, ƙyale ta. Kada ka rufe murfin laftof, kada ka ɗaga ta zuwa wani ɗaki na'urar tana lilo a gefenta, kada ka fara buɗe hotuna daga kan katin don ganin yadda suka fito. Sauri kan haifi nawa.

Tabbatarwa

Layin kore ya kai ƙarshe ya ɓace, amma aiki bai ƙare ba. Koma cikin katin, ka zaɓi komai da Ctrl da A, ka danna ɓangaren dama na linzami, ka zaɓi Properties. Rubuta abu biyu: yawan fayiloli da foldoji, da kuma girman da ke gaban Size, dogon adadin nan na bytes. Yi haka nan a foldar kwamfuta. Dole su zo ɗaya, har lambar ƙarshe. Layin da ke ƙasa, Size on disk, yakan bambanta tsakanin kati da kwamfuta, wannan ba komai ba ne. Idan kati ya ce fayil 1,284 kwamfuta ta ce 1,279, akwai biyar da suka maƙale, sai ka nemo su kafin ka ci gaba.

Bayan lissafi sai gani da ido. Daga foldar kwamfuta, buɗe hoton farko, da wasu na tsakiya, da na ƙarshe, kowanne ka buɗe shi ya cika fuska. Ƙaramin hoton da ake gani a jere yana iya fitowa lafiya alhali ainihin hoton rabinsa ruwan toka ne. Bidiyo kuma ka buɗe kowane dogo, ka ja shi zuwa daƙiƙun ƙarshe, ka saurari sauti. Mai yin wannan aikin kullum yana iya sa manhajar TeraCopy, wadda ke da zaɓin Verify da ke gwada kowane fayil da asalinsa bayan kwafa.

In komai ya yi daidai, danna dama a kan harafin katin ka zaɓi Eject, ka jira saƙon da ke cewa za ka iya cirewa, sannan ka zare.

Idan kebul za ka yi amfani da shi

Wani lokacin ba na'urar karanta kati a kusa, ko kuma kyamarar bidiyo ce mai ajiya a cikinta. Sai a koma ga kebul. Tsofaffin kyamarori irin su Canon 600D da 700D suna da ramin mini USB, na tsakiya micro USB, sababbi kuma USB-C irin na wayoyin yanzu. Wasu ƙananan Nikon suna da nasu bakin na daban, sai kebul ɗinsu. Ka sani kuma cewa kebul ɗin caji masu araha da yawa wayoyin wuta kaɗai ke cikinsu, babu na data. Kyamara za ta nuna tana caji amma kwamfuta ba za ta gan ta ba. Idan haka ta faru, kebul ne abin zargi na farko.

Cika batirin kyamara tukuna. Kashe ta, jona kebul a jikinta, jona ɗaya bakin a kwamfuta kai tsaye, ba ta cikin abin raba ramukan USB ba, sannan ka kunna ta. Ba Windows daƙiƙu kaɗan ta gane ta. Wasu kyamarorin suna bayyana kamar filash, da harafi. Wasu kuma suna bayyana da sunansu da ɗan hoton kyamara. Ko wanne ne, ka buɗe ka kwafa kamar yadda aka yi a sama.

Idan shiru, shiga menu na kyamara. A Sony nemi USB Connection ka mayar da shi Mass Storage, domin idan yana kan PC Remote kyamarar tana jiran a sarrafa ta ne daga kwamfuta, ba za ta nuna fayiloli ba. A wasu Canon kamar 6D da 70D, muddin Wi-Fi yana kunne ramin USB ba ya aiki, sai ka kashe shi. Kamfanonin suna da manhajojinsu na kyauta, EOS Utility na Canon da NX Studio na Nikon, kuma suna iya raba hotuna bisa kwanan wata. Manhajar Photos ta Windows ma tana da maɓallin Import. Duk wadda ka bi, idan ka ga zaɓin goge hotuna daga kati bayan shigarwa, kada ka taɓa shi.

Mai kwamfutar Mac aikinsa ɗaya ne: katin zai fito a gefen Finder, ya ja komai zuwa foldarsa, ko ya yi amfani da Image Capture idan kebul ne. Foldar AVCHD tana bayyana a Mac kamar fayil guda ɗaya, a kwafe ta a haka.

Wi-Fi kuwa, da manhajoji irin su Camera Connect na Canon da SnapBridge na Nikon, yana da kyau idan ango na tsaye a kanka yana son hoto biyar na sakawa a sitatus. Amma ka duba saitin girma, domin SnapBridge da manhajar Sony sukan turo ƙaramin kwafi na megapixel 2 idan ba ka canza ba. Wannan kwafin ba ya isa a wanke babban hoton bango, kuma bai zama ajiya ba.

Fayil ya iso amma ya ƙi buɗuwa

Idan sunan fayil ya ƙare da CR2, CR3, NEF, ARW ko RAF, ɗanyen hoto ne da ake kira RAW. Lafiyarsa ƙalau, kwamfutarka ce ba ta da abin buɗe shi. Sauke Raw Image Extension daga Microsoft Store, kyauta ne, ko ka buɗe da manhajar kamfanin kyamarar, ko Lightroom. Bidiyon da ya fito da sauti babu hoto galibi na tsarin HEVC ne, manhajar VLC tana buɗe shi. Idan 4K yana tsinkewa a tsohuwar laftof, ƙarfin kwamfutar ne bai kai ba, kada ka goge fayil ɗin a kan zaton ya lalace.

Matsaloli uku da ke tayar da hankali

Ta farko: ka sa kati, Windows ta ce sai an yi masa fomatin kafin a yi amfani da shi, ga maɓallin Format disk a gabanka. Danna Cancel. Wannan saƙon yana nufin kwamfuta ta kasa karanta jadawalin katin ne, hotunan kansu galibi suna nan. Gwada wata na'urar, gwada wani ramin, mayar da katin kyamara ka ga ko tana nuna hotunan. Idan tana nunawa, sauke su ta kebul nan take. Idan duk ya ƙi, sai manhajar ceto. PhotoRec kyauta ce, tana bin katin daga farko zuwa ƙarshe tana tsinto hotuna da bidiyo. Sunayen fayilolin za su canza, amma galibi hotunan sukan dawo. Sharaɗi biyu ne: kada ka ƙara ɗaukar ko hoto ɗaya a kan katin, domin sabon hoto yana hawa ne kan gurbin tsohon, kuma abin da aka ceto a ajiye shi a kwamfuta, ba a kan katin ba. Wannan hanyar ita ce kuma ake bi idan an goge hotuna bisa kuskure. A yi ta da na'urar karanta kati, domin manhajar ceto ba ta ganin kyamarar da ta bayyana da sunanta ba da harafi ba.

Ta biyu ita ce bairos ɗin shotkot, wanda duk mai kai filash shagon kwamfuta ya san shi. Ka buɗe kati ka ga DCIM ta koma ƙaramin fayil mai ɗan kibiya a kusurwa, girmansa 1KB ko 2KB, amma katin yana nuna a cike yake. Bairos ɗin ɓoye ainihin foldar ya yi ya ajiye ta bogi. Kada ka danna ta bogin, dannawar ce ke shigar da shi kwamfutarka. Fara da sa manhajar tsaro ta bincike katin. Sannan ka buɗe makullin katin, ka rubuta cmd a wurin nema na Windows, idan baƙin allon ya buɗe ka rubuta wannan layin, kana mai canza E da harafin katinka:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Danna Enter ka jira. Foldojin gaskiya za su bayyana, ka kwashe su, ka bar masu kibiyar. Shawarata dai ita ce katin kyamara kada ya shiga kwamfutar da ba taka ba. In za ka je wankin hoto, zuba waɗanda za a wanke a filash ka tafi da shi.

Ta uku, jabun kati. An rubuta 128GB a jikinsa, kwamfuta ma ta nuna 128GB, amma ainihin cikinsa bai wuce 8GB ko 16GB ba. Hotunan farko suna fita lafiya, da an wuce ainihin girmansa sai sauran su zama suna kawai. Wannan ba manhajar da ke ceto shi, domin tun farko ba a rubuta hotunan ba. Don haka duk sabon kati, kafin ya je biki, a gwada shi da H2testw. Manhaja ce ƙarama ta kyauta da ke cika katin da bayanai sannan ta karanta su, ta gaya maka ainihin girmansa. Tana cin lokaci, ka bar ta tana yi da daddare. Katin da kuɗinsa ya yi arha fiye da kima shi ya fi cancanta da gwajin.

Kwafi na biyu, sannan gogewa

Hoton da ke cikin laftof ɗaya tak har yanzu yana cikin haɗari. Ana sace laftof, tana faɗuwa daga kan babur, wuta mai ƙarfi tana ƙona ta. Masu sana'ar hoto suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'ajiya biyu, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Idan ukun ya yi maka yawa, biyu shi ne mafi ƙaranci. Sayi had disk na waje, ka kwafa foldar aikin can, ka sake gwada yawan fayiloli da girma kamar ɗazu, ka cire shi ka ajiye a wurin da ba jakar laftof ba. Idan za ka riƙa amfani da shi tsakanin Windows da Mac, ya kasance a tsarin exFAT tun yana sabo, domin Mac tana karanta NTFS amma ba ta rubutu a kansa.

Ajiya a intanet tana da kyau ga zaɓaɓɓun hotuna. Google yana ba da 15GB kyauta, wanda ake rabawa tsakanin Gmail da Drive da Photos, kuma tun 1 ga Yuni 2021 ya daina ba da wurin hotuna mara iyaka. Da tsadar data, ba kowa zai ɗora katin 64GB ba, amma hotuna hamsin mafiya muhimmanci na kowane aiki ba za su gagara ba. Wajen tura wa mai biki ta WhatsApp, ka tura a matsayin Document, in ba haka ba manhajar za ta matse hoton ta rage ingancinsa.

Sai yanzu, da kwafi biyu da ka gani da idonka, za ka taɓa katin. Ja makullin sama, in ba haka ba kyamara za ta ce katin a kulle yake. Sa shi a kyamarar da za ta yi aiki da shi, shiga menu, nemi Format card ko Format, ka amince. A kyamara ake yin fomatin, ba a kwamfuta ba, domin ita ta san tsarin foldojin da take so, kuma hakan ya fi bin hotuna ɗaya bayan ɗaya ana gogewa. Ka lura da zaɓin Low level format na Canon: yana share katin ƙarƙaf, bayansa ba abin da manhajar ceto za ta samu.

Tun da kana cikin menu, duba kwanan wata da agogon kyamarar. Kowane hoto yana ɗauke da lokacin da aka ɗauke shi a cikinsa, kuma idan ku biyu ne a aiki ɗaya, daidaita agogunanku ne zai sa hotunan su jeru daga isowar baƙi zuwa fatiha idan an haɗe su. Mai katuna da yawa kuma ya riƙe wata alama a jakar katuna: wanda aka sauke aka yi wa fomatin ya kwanta rubutunsa na kallon sama, wanda ke ɗauke da aikin da ba a sauke ba a kifa shi da makullinsa a ƙasa, yadda ko yaron shago aka aika ya ɗauko kati ba zai ɗauko cikakke ba.